Lambun Seini Bayan Tafiyar Shanu

Shekara goma sha ɗaya Seini yana noman lambu a bakin wani rafi a Buokrom, gefen garin Kumasi. Mutumin Gonja ne, ya sauko Kumasi tun yana saurayi. Salak da albasa da yalo yake shukawa, matarsa Abibatu ta kai kasuwar Zongo.

A saman lambun akwai garken Brimah, wani dillalin shanu da iyayensa suka fito daga Nijar. A nan Seini yake kwasar kashin shanu ya zuba a fangali. Balbelu suna biye da shanun, in sun gama da garke su gangaro lambu su tsince fara da tsutsa. Seini bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

Ƙarshen shekarar 1969 gwamnati ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. A Zongo aka haifi Brimah, amma ba shi da abin nunawa. Ya karyar da shanun, mahauta suka kwashe. Ranar da zai hau lori ya biyo ta lambu.

"Ɗan'uwa, kwashe takin nan duka," in ji shi. "Ba mai ƙara maka wani."

Seini ya riƙe hannunsa, suka yi sallama.

Takin ya ƙare cikin wata uku. Ƙasar da take baƙa mai laushi ta koma fara, ta yi tauri. In ya kafta fartanya ba ya ganin tana ko ɗaya. Balbelu suka yi ta raguwa har suka daina zuwa. Da ruwan farko ya sauka, fara ta taso daga ciyawar da ta cika garken, ta mayar da salak kamar rariya.

Ya sayo hodar ƙwari ya barbaɗa. Fara ta mutu, amma ruwan sama ya wanke hodar zuwa rafi. Kwana biyu, sai ga kwaɗi da ƙananan kifaye sun taso ciki sama. Da babu mai cin 'ya'yan sauro, sauro ya cika unguwa. Abibatu ta kwanta da zazzaɓi.

"Maigida, ka bar wurin nan haka," ta ce masa. "Ya gama ba mu abin da zai ba mu."

Bai yarda ba, sai da ya kirawo wani malamin gona. Malamin ya murza ƙasar a tafin hannunsa, ya dubi garken da ba kowa.

"Baba, abin sarƙa ne. Saniya ta ci ciyawa, kashinta ya ciyar da ƙasa, ƙasa ta ciyar da ganye. Fara ta ci ganye, balbela ta ci fara. Duk muhallin nan wani ne ke riƙe da wani. An cire ɗaya, sauran suna zubewa."

"To, Malam, ina zan samo shanu?"

Malamin ya kakkaɓe hannu, ya kama hanyarsa.

Seini ya sake shuka sau biyu, yalon bai wuce gwiwa ba. A watan Yuli ya tuge shinge, Abibatu ta yi girki da itacen. Washegari ya tafi tashar mota ta Race Course, da furfurarsa, ya shiga layin masu dako yana jiran a kira shi.