Amanar Gizo-gizo a Gidan Mai Raguna

A Bungudu, in ana maganar kiwon raguna, sunan Alhaji Shu'aibu ake fara kira. Zai sayo ramammen ɗan rago wanda iska ma ke iya turewa, kafin babbar Sallah ya mayar da shi abin da sai ƙarti biyu sun riƙe igiyarsa. Shi kansa yakan faɗa a majalisa cewa ba dabbar da ta taɓa shiga gidansa ta fita yadda ta shigo.

Wata Asabar 'yarsa Sadiya, mai karatun ilimin dabbobi a jami'a a Gusau, ta iso gida da jaka a kafaɗa da 'yar robar man shafawa a hannu. Yayarta ce ta haihu a Tsafe, za ta je ta zauna mata har bayan suna. Abokan ɗakinta kuwa sun rantse in ta bar musu robar nan, a masai za ta dawo ta neme ta.

"Baba, amana na kawo maka."

Alhaji ya karɓa, ya ɗaga ta ga haske. Ƙasa ce mai danshi da ɗan ɓawon itace, an huhhuda murfin da allura.

"Ƙasa kika kawo mini ajiya? Ta ƙare ne a Bungudu?"

"Duba ƙarƙashin ɓawon."

Ya sa tabarau, ya ƙura ido. Can ya hangi wani ɗan gizo-gizo da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, da 'yan gasusuwa a ƙafafu. Hajiya Zuwaira, matarsa, ta leƙo ta bayan kafaɗarsa, ta ja da baya tana salati.

"Tautau! Sadiya, tautau kika kawo mini gida?"

"Ba tautau ba ne, Inna. Tarantula ake ce masa, daga ƙasar waje aka kawo irinsa. Malamarmu ce ta ba ni in raina. Jariri ne ma."

Ta yi wa uban bayani dalla-dalla. Ruwa, 'yan ɗigo a gefen ƙasar, kada ta bushe, kada kuma ta yi caɓi. Abinci, ƙafar gyare guda ko ɗan gara, jefi-jefi. Abin da bai ci ba a cire washegari. In ya ƙi ci, a ƙyale shi.

"Ƙafa guda?" in ji Alhaji. "Sauran gyaren fa, wa za a ba?"

"Cikinsa ke nan, Baba."

"Ke dai tafi abinki. Wanda ya yi kiwon rago, wanga ɗan abu zai gagare shi?"

Da Sadiya ta tafi, ya ɗora robar a kan taga a ɗakinsa. Ya kamo gyare, ya cire ƙafa guda yana waige-waige kada wani ya gan shi, ya ajiye a bakin ramin da ɗan gizo-gizon ya haƙa. Washegari ƙafar na nan yadda ya bar ta. Ya sa sabuwa, ita ma ba a taɓa ta ba.

Abin ya tsaya wa Alhaji a rai. A gidansa, dabba ta ƙi cin abinci! Ya yanke cewa laifin abincin ne, don wa zai ji marmarin ƙafar gyare? Ya gwada ɗan dusa. Ya gwada ɗigon nono. Ranar kasuwa ya sayo balangu, ya tsaga 'yar tsoka mai kitse ya saka masa. Baƙon bai fito ba, amma kiyashi sun samu labari, suka jero layi tun daga bakin ƙofa har taga. Hajiya, wadda ta yi rantsuwa ba za ta taɓa robar ba, ita ce ta ɗauke ta da tsumma ta tsayar da ita a cikin faranti mai ruwa.

"Kai da aka ce ɗan gara," ta ce, "ka tashi yi mishi walima."

Ruwa ma bai zo da sauƙi ba. Sadiya ta ce ɗigo, sai ya ɗauko sirinjin da yake ɗura wa raguna magani. Hannun da ya saba da bakin rago ya danna, ruwa ya yi tsartuwa, robar ta koma fadama. Ya wuni yana tsane ƙasar da auduga, har aka yi masa sallama ya ce a ce ba ya nan.

Daga nan ya ce wataƙila abincin mai rai ake so. Ya kamo fara ƙatuwa ya jefa. Farar ta yi ta dukan murfi tana zagaye, ɗan gizo-gizon da ya ɗan leƙo ya koma rami a guje. Kafin Alhaji ya fitar da ita, ta tattake ko'ina. Washegari ya tarar an toshe bakin ramin da ƙasa da yana.

"Ya yi fushi," in ji Hajiya. "Ni ma da ni ce haka zan yi."

Kwanaki suka shuɗe ba motsi. Sai wata safiya, bayan ya ba raguna harawa, ya leƙa robar. Ga ɗan gizo-gizon a bakin rami, rigingine, ƙafafu a nannaɗe, ya bushe ya yi sakayau. Ya taɓa shi da tsinke, ko motsi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Zuwaira! Amanar ɗiyarki ta tafi."

Ba mutuwar ce ta fi damunsa ba. Raguna ma suna mutuwa. Amma a ce yunwa ta kashe dabba a hannun Shu'aibu mai raguna, har majalisa ta ji! Ya ɗauke gawar da tsinke, ya naɗe a ƙyalle, ya tona gindin zogale ya rufe. Bai gama wanke hannu ba waya ta yi ƙara. Sadiya ce.

"Baba, ya ɗan baƙon naka?"

"Shina nan lafiya lau," ya ce. "Hutawa ma yake yi sosai."

Washegari ya sa babbar riga ya hau mota zuwa Gusau. Tun da har wani ya kawo irin abin nan ƙasar, ai ba za a rasa shi a kasuwa ba. Ya nufi layin masu maganin gargajiya, ya tsuguna gaban wani mai shimfiɗar saiwoyi da fatu.

"Malam, gizo-gizo nike nema. Ƙarami, mai gashi, mai rai."

Mutumin ya dube shi daga hula har takalmi, ya matso, ya rage murya. "Na mallaka ne ko na kasuwa?"

"Na mi?"

"Alhaji, ba kunya a nan. Manya-manya na zuwa. In uwargida ce ta fi ƙarfinka, hawainiya ta fi gizo-gizo aiki."

Alhaji ya miƙe ba sallama. Na gaba ya yi masa tayin kunama. Na uku ya ce ya dawo jibi, zai sa a duba masa bayan gidansu. Ya dawo Bungudu da la'asar, ba abin da ya sayo sai lemo da ya riƙo don kada a ce ya je a banza.

Ya tarar da Hajiya ta kife ƙoƙo a tsakar gida, ta ɗora dutse a kai.

"Bayan rumbu na kamo shi," ta ce. "Kada ka tambaye ni yadda na yi."

Suka ɗaga ƙoƙon a hankali. Ɗan gizo-gizon gida ne, siririn ƙafafu, ba gashi ko ɗaya.

"Bai yi kama da shi ba," in ji Alhaji.

"Sai mu ce kewar Sadiya ta ramar da shi."

"Gashin fa?"

"Zafin Bungudu."

Ba wata dabarar, sai suka kai shi ɗaki, Alhaji ya lallaɓa shi da kara ya jefa a robar, suka sunkuya su biyun suna kallo. Sabon baƙon ya zagaya, ya taka yanar bakin ramin. Sai ƙasa ta buɗe, wani abu mai gashi ya yi tsalle ya cafke shi, ya ja shi ciki. Ko ƙifta ido ba a yi ba.

Hajiya ta saki ƙoƙo ta yi tsakar gida. "Ya tashi! Wallahi ya tashi!"

Alhaji ya sake leƙa bakin ramin. Daga bisani ya dubi wajen zogale.

"To ni wa na rufe?"

Dole ya kira Sadiya ya kwashe labari ya faɗa mata, ban da na kasuwa. Ta yi ta dariya har sai da yayarta ta karɓi wayar ta tambaya ko lafiya. Da ta samu numfashi ta ce saɓa ya yi, kamar maciji. In zai girma sai ya daina ci, ya rufe raminsa, ya tuɓe tsohuwar fata ya turo ta waje. Rigarsa Baba ya binne.

"Ai na ce miki in ya ƙi ci... wato ke kika ce," in ji Alhaji. "Amma dai a hannuna ya ci, ki shaida."

Ranar da ta dawo daga Tsafe, tun kafin ta ajiye jaka ya kai ta taga. Ɗan gizo-gizon na zaune a kan ɓawon, ya ƙara girma, bayansa ya yi tim. Sadiya ta ce tun da abokan ɗakinta ba su huce ba, ko za a bar shi nan zuwa ƙarshen zango.

"A bar shi," in ji Alhaji da sauri. "Wai in ya gama girma, kamar mi zai kai?"

Ta buɗe tafin hannunta, ta baza yatsu.

Hajiya ta ajiye tsintsiya. "To ka ji da kyau, Alhaji. Ranar da ya kai haka, ko ni ko shi a gidan nan."

Alhaji ya dubi matarsa, ya dubi robar, ya shafa gemu.

"Sadiya, zai ɗau lokaci kafin ya kai?"

"Shekaru, Baba."

"To, Zuwaira, akwai sauran lokaci. Ma yi shawara."