Layin da Irmtraud Ta Kasa Wucewa

Duk unguwarsu a Berlin ta Gabas an san Irmtraud da hali guda: ba ta wuce layi. Da ta hango mutane sun jeru sai ta maƙale a bayansu, daga baya ta tambayi abin da ake sayarwa. Kada ku ga laifinta, a ƙasar nan in ka tsaya tambaya, kafin a ba ka amsa kaya sun ƙare. Da haka ta taɓa samo lemo, ta samo takalmin sanyi, ta kuma taɓa dawowa gida da tulin murafen tukunya, babu tukunya ko ɗaya.

Washegarin ranar da aka buɗe katangar da ta raba Berlin gida biyu, tun da sassafe ta tashi mijinta Eberhard, ta naɗe kek ɗin tuffa a tsumma.

"Tashi, tsoho! Mutanen nan da suka buɗe jiya, wa ya ce ba za su rufe yau ba?"

Tsoronta ke nan. 'Yarsu Heike ta ƙaura Berlin ta Yamma shekarun baya, ta yi aure, har ta haifi yarinya, amma Irmtraud a hoto kawai ta san jikarta. In ƙofa ta sake rufuwa ba su haɗu ba, sai dai kuma wani ikon Allah.

Suka kutsa cikin turmutsutsu suka tsallaka, ana ta tafi, wani baƙo ma ya rungume Eberhard har hularsa ta faɗi. Da tambaya suka gano gidan Heike, suka tarar da shi a kulle. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga.

"Ku ne iyayenta? Ai tun ɗazu ta saɓi yarinya ta fita nemanku. Ta rantse ba za ta dawo ba sai da ku."

Irmtraud ta dubi titi cike da jama'a. Rabin mutanen Gabas sun kwararo cikin garin nan yau, ina za ka ga mace ɗaya?

"Mu koma inda muka tsallako," in ji Eberhard. "Duk mai hankali can zai nufa."

Suka kama hanya. Yana gaba yana ta lissafa tituna, har ya waiwaya ya ga shi kaɗai yake surutu. Can ya hango ta a wutsiyar wani layi da ya sha kwana ya ɓace bayan gini, kek a hammata.

"Irmtraud! Yau ma? Layin me ne wannan?"

"Oho."

"'Yarki muke nema, ba marfin tukunya ba!"

"Na sani! Ƙafafuna ne suka kawo ni, ni ma ban san na shiga ba." Kunya ta kama ta, hawaye ya cika mata ido. Amma da ta waiga ta ga mutane sun riga sun jeru a bayanta, wallahi sai ta kasa fita.

Eberhard ya dafe kai. "An buɗe katanga, ke taki tana nan daram."

"Kai dai da ka sha lemon ba ka yi ƙorafi ba."

Suna cikin wannan cacar baki sai ga wata mata tana bin layin daga gaba, tana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, da yarinya mai jar hula a kafaɗa. Ta tsaya cak.

"Mama!"

Kek ya kusa shan ƙasa. Heike ta faɗa jikin uwarta tana kuka tana dariya.

"Mijina yana can bakin katanga yana ta zare ido. Na ce masa ɓata lokacinka kake, na san uwata. Layin banki, layin bas, layin ayaba, babu wanda ban bi ba!"

Irmtraud ta karɓi jikarta, ta sunsuni kanta. Eberhard ya juya baya yana fyace hanci, wai sanyi ne.

Sai wani mai gashin baki da ke bayansu, daga ganin rigarsa ka san ɗan Gabas ne, ya yi gyaran murya.

"Baiwar Allah, a yi haƙuri, amma layi layi ne. Ita wannan yanzu ta zo."

Irmtraud ta jawo Heike ta tsayar da ita a gabanta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, wurin 'yata ne. Tun ranar da ta tafi nake riƙe mata shi."