Jan Launi a Shafi na Goma Sha Huɗu

Saura minti ashirin a fara taron Auta ta hango kuskuren: harafi ɗaya ya faɗi daga sunan Farfesa, shugaban aikinsu, a shafin farko. Farfesa kuwa gara ka taka masa ƙafa da ka taɓa masa suna.

Abin bai dame ta ba. Ita ba ta haɗa shafukan majigi irin na abokan aikinta, masu wuni suna jan hotuna suna liƙawa. Nata fayil ne guda na zallar rubutu, inda ake son taswira sai ta rubuta umarni. Da ta danna, manhajar hasashen ambaliya da ta kwashe shekara uku tana rubutawa za ta ɗebo sababbin alƙaluma daga na'urorin bakin kogi, ta zana taswirar da kanta. Ta sha cika baki da wannan har mutane sun gaji da ji.

A kujerar bayan ɗakin taron ta gyara harafin, kwamfuta a cinya, ta danna. Tana bin shafukan don sabo kawai, sai ta iso na goma sha huɗu.

Jiya jan launin, wato inda ruwa zai kai, ya tsaya a bayan tashar mota. Yau ya haye titi, ya cinye makarantar firamare, ya shige layin bayan gidan burodi. Gida na huɗu a layin nan, mai koren ƙyaure, nan aka haife ta. Mama na ciki.

Ta sake dannawa ko manhajar ce ta yi tuntuɓe, jan bai motsa ba. Ta leƙa alƙaluman. Ashe na'urar da ke can sama kusa da gada, wadda ta kwana biyu a mace, ta farfaɗo da safe ta turo duk abin da ta tara. Ruwan ya zarce zato da mita ɗaya da rabi. Manhajar ta ba da awa shida.

Shekaranjiya Yaya ya zo da mota zai ɗauke Mama zuwa gidansa har damina ta lafa. Auta ce ta hana. A kan gadon Mama ta buɗe kwamfutar, ta nuna musu taswira, har tana tsokanar Yaya wai tun suna yara tsawa ke tura shi ƙarƙashin gado. Mama, da dama ba ta son benen gidan Yaya saboda gwiwoyinta, ta yi dariya ta zazzage jakarta.

Ta kira Mama. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Wayar Mama tana can kan firji, inda take wuni. Ta kira Yaya, a kashe, don a masana'antarsu ana ajiye waya a bakin ƙofa. Ta sake kiran Mama, sau uku.

Da Farfesa ya shigo sai ta tare shi ta juya masa kwamfutar. Ya daɗe yana kallo. Ya waiga layin gaba, inda jami'an hukumar agaji suka riga suka zauna, su ne makon jiya ya tabbatar wa unguwar nan ba abin da zai same ta. Ya rage murya ya tuna mata cewa shafukan jiya na nan a filashi, ɗan abin ajiye fayil, a nuna su, bayan cin abincin rana a zauna a duba.

"Na'ura ɗaya ce fa, kuma jiya a mace take," in ji shi. "In kika tayar da gari a banza, daga ni har ke mun gama."

Mai yiwuwa gaskiyarsa. Ita ma ba ta sani ba, kuma rashin sanin ne ya fi tsorata ta. Ya danƙa mata filashin.

Aka kira ta. Ta hau dandamali. Ta dubi filashin, ta dubi igiyar majigi. Sai ta ajiye shi, ta jona kwamfutarta, ta tsallake shafi goma sha uku har da sunan Farfesa da aka gyara. Jan ya cika bango. Ta ce wannan lissafin safiyar yau ne, saura awa shida, a fara kwashe mutane.

Sai wayarta ta hau rawa a kan tebur. Ta ɗauka a gaban kowa.

"Auta, kin ga kira ko? Ina waje ne," in ji Mama, cikin fara'a. "Wai kwata ce ke gudu da baya, maƙwabta duk sun ruɗe sun fara ɗaure kaya. Na bi su gida-gida na ce kowa ya kwance, 'yata ta lissafa."

Auta ta dafa tebur. Ta dubi layin a bango, gida goma sha biyu, ta san sunan yaran kowane gida.

"Mama," ta ce, "ki saka takalminki. Ki sake bin su gida-gida."