A'ar Tela

Duk layin an san Tela da abu guda: bakinsa bai iya furta a'a ba. Ko ɗinki ya taru masa har ya toshe taga, in ka zo da yadi ka ce gobe kake so, sai ya sosa ƙeya ya ce Allah ya kai mu. Goben na zuwa ya ɓuya bayan labulen gwajin kaya, ƙafafunsa a waje, masu kayan suna yi wa ƙafafun faɗa.

Maƙwabcinsa mai sayar da tsofaffin littattafai ne ya gaji da hayaniyar, ya miƙo masa wani littafi da bangonsa ya yage, ya ce ya karanta ko don zaman lafiyar layi. Tela ya fara ne don kunya, sai abin ya kama shi. Littafin ya ce mai amsa wa kowa, ƙarshenta kowa zai saɓa wa. Tela ya ajiye almakashi ya yi jugum, kamar marubucin ya taɓa kawo masa ɗinki.

Sai ya shiga gwaji. Ya ce wa madubi a'a, ya ce wa dutsen guga a'a. A gida matarsa ta tambaya ko ta zubo masa abinci, ya ce a'a da murya irin ta manya, ita kuwa ta rufe tukunyarta ta yi gaba. Ya yini da yunwa, amma yana jin kansa wani ne.

Ana haka sai ga babban yayansa, mutumin da tun suna yara tarinsa kaɗai kan sa Tela ya miƙe tsaye. Ya jefa yadi kan keken ɗinki, ya ce jibi yake da taro. Tela ya dafa littafin da ke aljihunsa, ya runtse ido.

"Yaya, a'a. Ba zai samu jibi ba."

Ya jira a rufe shi da faɗa. Da ya buɗe ido sai ya ga Yaya yana naɗe yadinsa yana murmushi.

"Alhamdu lillahi, ka hutar da ni. Dama don kada ka ce na raina ka nake kawo maka. Wuyan rigunan da kake ɗinka mini shaƙe ni yake yi, shekara da shekaru."

Wannan kam ba ta cikin littafin. Ran Tela ya ɓaci, ya fizge yadin, ya ce Yaya ya tsaya cik ya ɗaga haɓa. Yana zagaya abin awo ya gane inda gizo ke saƙar: da awon samartakar Yaya yake ta yanka, don bai taɓa samun ƙarfin halin ce masa ya yi ƙiba ba.

Yau kam ya faɗa masa. Ya ƙara da cewa riga sai sati mai zuwa, taron jibi a sa tsohuwa.

Yaya ya fita yana gunaguni cewa yaran yanzu ba su da kunya, alhali Tela furfura ta gama cin gemunsa. Shi kuwa Tela ya zube kan kujera. Sai da ya sha ruwa kafin ya iya zura zare a allura.