Bargon Ɗan Barira

Batulu tana tsakar gida tana kaɗi lokacin da labarin ya iso. Ɗanbala ne ya kawo shi, wani mai fataucin kanwa da ke bin hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu. Ya yi sallama a zaure, ya shaida wa maigidan, Badaru maɗinki, cewa Barira ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji. Ya ce da kunnensa ya ji kukan yaron, yana cikin ɗaura wa jakunansa kaya zai kama hanya.

Barira yayar Batulu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Shekara goma sha shida ke nan tana gidan miji a Gwaram, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, har dangi sun daina tambaya.

Kafin Badaru ya shigo da labarin, Batulu ta riga ta ji ta bayan danga. Mazarin ya kuɓuce mata ya gangara ƙarƙashin rumbu, ba ta ko bi ta kansa ba. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Ta zaga rumbu sau biyu tana dariya, ta ci karo da akuya ta rungume ta. Da mijin ya shigo ya same ta tana kuka tana dariya, akuya tana ta fizge-fizge a hannunta.

"To, na ga kin ji," in ji shi.

"Malam, yau zan tafi. Ina takalmina?"

Ya zaunar da ita ya tuna mata halin da ake ciki. Shekarun nan ba mai bin hanyar Gwaram shi kaɗai saboda maharan da ke saukowa daga duwatsun Ningi. Ɗanbala ma ta daji ya ratso. Ayari ba zai tashi ba sai an gama yankan gero, wata guda ko fiye. Bikin suna dai ya wuce ta, amma in Allah ya yarda za ta riski arba'in.

Wata guda ba abu ne da Batulu za ta iya zaman jiransa hannu sake ba. Washegari tana shara ta tattara ƙyallayen da suka zubo daga ɗinkin mijinta, ta tsaya tana kallonsu a tafin hannu. Badaru yakan ɗinka lifidin dokin yaƙi wani lokaci, tufa biyu a haɗe da audugar rimi a tsakiya, a bi da ɗinki layi-layi. Ta ce a ranta, abin da zai tare wa doki kibiya ai zai tare wa jariri sanyi. Za ta ɗinka wa ɗan Barira bargo mai ciko, ɗan ƙarami kamar buzun salla, kuma kowane ɗan'uwa sai ƙyallen tufarsa ya shiga, don yaron ya kwanta a cikin danginsa tun bai san su ba.

Badaru ya yi dariya har ya ajiye allura. "Batulu, ke da ko bakin zane ba ki taɓa kalmashewa ba?"

"Ai shi ya sa na auri maɗinki. Nuna mini."

Ya nuna mata. Kwana biyu tana huda yatsunta, tana tsotsewa tana ci gaba. Ɗinkinta na farko ya yi ta karkace kamar hanyar tururuwa. A rana ta uku ya fara miƙewa.

Sai ta shiga gari neman ƙyallaye. Gwaggo Kubra, ƙanwar mahaifinsu, ta yanko mata gefen tsohon saƙinta, ta ce lallai a sa shi wajen kai, ba wajen ƙafa ba. Kawu Haladu ya ba da jelar rawaninsa. Matarsa da ta ji haka ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta kawo baƙin zane mai ƙyalli wanda ya fi na kowa faɗi. Daga nan magana ta fita. Maƙwabta suka ce su ma sun san Barira tun tana tallan fura. Matar mai unguwa ta aiko da barage ja, tsawon kamu guda, ba kuwa yadda za a mayar mata. Wata tsohuwa da ba wanda ya san alaƙarta da gidan ta zo da kanta, ta ce ita ta yanke wa Barira cibiya, ta zauna ta ƙi tashi sai da ta ga an ɗinka nata.

Batulu ba ta iya cewa a'a, kuma gaskiya ba ta so ta ce. Duk ƙyallen da ya zo sai ta ɗaga shi sama ta yi masa kirari, mata su kwashe da dariya. Bargo ya wuce buzu, ya wuce tabarma. Ranar da aka shimfiɗa shi a tsakar gida sai da aka janye turmi.

"Wannan yaron," in ji Badaru yana tsaye yana kallo, "raƙumi Barira ta haifa?"

"Zai girma," in ji Batulu.

Saura kusurwa ɗaya ta rasa abin cikewa, sai ta tuna ba ta sa na mijinta ba. Yana kasuwa a lokacin. Ta buɗe adudunsa ta ɗauko wani wando mai yalwa, irin wanda mutum biyu za su shiga su yi hira. Ta ce tufa ta yi yawa a nan, ba zai taɓa lura ba. Ta yanke murabba'i mai kyau daga baya, ta haɗe bakin da ɗinkinta, ta ninke ta mayar.

Ashe wandon Juma'a ne. Ran Juma'a ya sa shi, ya yi taku biyu ya tsaya. Ya ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta biyo ta. Ya sunkuya zai ɗauki takalmi, ɗinkin Batulu ya ce ɓarr daga sama har ƙasa. Ya juyo a hankali ya dube ta, ya dubi bargon da ke shanye a igiya, ya ga tufarsa a kusurwa tsakanin rawanin Kawu Haladu da baragen matar mai unguwa.

Batulu ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa. "Malam, wuri mai daraja na ba ka."

Ya so ya yi faɗa, amma bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya jingina da bango yana dariya, hannu ɗaya riƙe da bayan wando, har ya kusa makara masallaci.

Ranar ciko mata biyar suka taru. Aka fito da kwandunan audugar rimi da Badaru ya ajiye tun bara. Wannan auduga ba ta da nauyi, numfashi ma tashinta yake yi. Gwaggo Kubra ta yi atishawa ɗaya, rabin kwando ya tashi sama. Kafin azahar duk sun yi fari fat, gira da gashin ido, kowace ta zama kakar kanta. In ɗaya ta dubi 'yar'uwarta sai dariya, dariyar ta sake tayar da auduga, audugar ta kawo atishawa. Kaji suka gudu zaure. Da ƙyar aka danne bargon da gwiwoyi, Batulu tana bi da basilla layi bayan layi.

A tsakiyarsa ta sa abin da ba ta nuna wa kowa ba sai ranar: guntun zanen goyon mahaifiyarsu, shuɗi wanda ya koɗe, da shi aka goye su duka biyu. Gwaggo Kubra ta shafa shi ta yi wa mamaciyar addu'a.

Da ayari ya tashi, bargon ya ƙi shiga kowane kwando. Aka naɗe shi aka ɗaure da igiya a kan jaki, jakin ya ɓace a ƙarƙashinsa sai kunnuwa da ƙafafu. Kwana biyu suna tafiya, Badaru yana jan jaki, Batulu tana gaba tana juyowa tana cewa su ɗaga ƙafa. Duk ƙauyen da suka ratsa sai an fito kallo. Wani ya tambaya ko gadon amarya ne. Batulu ta ce, "Na ɗan yayata ne, shekara goma sha shida muna jiransa," ta kuwa faɗa wa duk wanda ya tsaya, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Sun shiga Gwaram da hantsi. Batulu ba ta jira an sauke kaya ba, ta kutsa cikin gida tana kiran "Yaya, Yaya." Zafi ya buge ta a ƙofar ɗakin jego, don an hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa kamar yadda ake yi wa mai jego. Barira tana zaune a kai, ta yi ƙiba, ta yi haske, gumi yana bin wuyanta, jariri a ƙirjinta. Suka rungume juna da yaron a tsakiya.

Sai Batulu ta ji wani kuka daga bayanta. Ta waiga. Wata tsohuwa 'yar siririya tana zaune a lungu, Dada ce, uwar mijin Barira, tana jijjiga wani jaririn a cinya.

"Wannan kuma na wa?" in ji Batulu.

"Nawa," in ji Barira.

"A'a, wancan nake nufi."

"Shi ma nawa. Hassan ne a hannuna, ga Usaina can. Ɗanbala gaggawa ya yi, yana fita gari ita kuma ta iso."

Batulu ta zauna daɓas a ƙasa, ta nuna wannan ta nuna waccan, ta ƙirga da yatsa kamar mai tsoron kuskure, sannan dariya ta kama ta har ta kwanta a gefe. Barira ma ta kama, tana riƙe ciki tana roƙon ta bari. Jariran suka tsorata suka haɗa baki, Dada tana cewa, "Ku dai ba ku girma ba, 'ya'yan nan."

Aka shigo da bargon, mutum biyu suna ja. Da aka warware shi ya cika ɗakin ya hau bango. Barira ta dube shi, ta dubi wutar da ke ƙarƙashinta, ta share gumi.

"Batulu, dafa mini 'ya'ya kika zo yi?"

"Yaya, ni sanyi na tuna, ban tuna wuta ba."

Aka fitar da shi inuwar tsamiya a tsakar gida. Barira ta fito tana takawa a hankali, ta durƙusa a kai, Batulu tana nuna mata ƙyalle-ƙyalle tana faɗin mai shi. Barira tana tambayar kowa, wa ya tsufa, wa ya aurar, wa ya rasu. Da ta kai tsakiya ba ta buƙaci a faɗa mata ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan shuɗin nan ta daɗe, sannan ta ce a miƙo mata yaran. Ta kwantar da su a wurin, kai da kai, ta ce, "Inna, ga su."

Batulu ta kwana tara a Gwaram. A kwana na biyu Dada, wadda ƙashinta ba ya rabuwa da sanyi ko da bazara, ta ce bargo irin wannan ba a barinsa a hannun yara, ita za ta adana musu shi. Kowace safiya sai ta fito ta zauna a bakin ɗakinta ta naɗe a ciki, kanta kaɗai a waje, ta sa a kawo mata jikokin ta cusa ɗaya dama ɗaya hagu. Mijin Barira ya gwada yi mata magana sau ɗaya, ta ce masa ya je ya duba shanunsa.

Ranar komawa Barira ta rako ƙanwarta har ƙofar gida, karo na farko da ta taka waje tun haihuwa. Ta riƙe hannunta ta juya shi, ta ga yatsun duk tabon allura.

"Ki huta da ɗinki haka," in ji ta.

"Sai dai bayan na ɗinka wa Dada nata," in ji Batulu. "In ba haka ba yaran nan ba za su taɓa ganin nasu ba."

Daga cikin gida muryar tsohuwar ta taso, ashe tana ji. Ta ce in za a yi, a sa ja da yawa.