Kafar da ke Tsakanina da Shatu

Shekarar da aka samu mulkin kai gyaɗa ta yi albarka a Cadawa. Maigidana, wanda gari ke kira Maikuɗi, ya haɗa ribar bana da ta bara ya sayo wata tsohuwar kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, daga Maraɗi. Tun ranar da motar nan ta iso ban ƙara jin wata hira a bakinsa ba. In na kawo tuwo, mota. In na ce yaro na zazzaɓi, mota. Har na gaji na ce masa, "Maigida, ko a ɗaura maka aure da ita ne kowa ya huta?"

Damuwarsa duk a kan inda za ta kwana. A ƙofar gida yara na hawanta, awaki na kwana ƙarƙashinta, rana na cin tayoyinta. Sai ya ce zai gina mata garaji a bayan gida, ƙofarsa ta kalli hanya, a ɗora bene a kai inda direbansa Ɗahiru zai zauna, don baƙo ne, bai yi aure ba, ba shi da kowa a gari. Ya kira Sanda magini, suka tsuguna kusa da rumbu suna zane a ƙasa da tsinke, ni kuwa ina tankaɗe ina jin su. Ƙasarmu rairayi ce, laka sai jakuna sun kwaso daga tafki. Azara kuma sai an sayo daga nesa, ga tsada. Suka rage nan, suka matse can, har lissafi ya zo daidai da abin da ke hannunsa, ko na goro bai saura ba. Abin da ya sa ya kai ɗin ma shi ne matakala. Sanda ya ce a yi ta a waje, a buɗe, a jingina ta da katangar gabas da ke tsaye tun da, ba sai an ta da sabon bango ba.

To, katangar gabas ita ce ta raba mu da gidan Malam Na'Allah. A jikinta akwai wata 'yar kafa, sai mutum ya sunkuya zai wuce. Ta nan ni da matarsa Shatu muke shiga wa juna tun muna amare, don dukanmu ba mu fita da rana. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari. Da ɗiyarta ta rasu, a ɗakina ta zauna har ta iya cin abinci. Uwata tana Gazawa, 'yan'uwana sun watsu. In aka cire Shatu, ba ni da wanda zan faɗa wa ciwon raina a garin nan.

Ba a daɗe ba zance ya kai kunnen Malam Na'Allah. Bayan la'asar ya yi sallama a zaure, ni kuwa na laɓe bayan zana, ba zan ɓoye muku ba.

Ya ce, "Maikuɗi, na ji za ka ɗora tuzuru a saman kan iyalina."

Maigida ya ce, "Haba Malam, ɗaki ne kawai. Kuma ga gawon nan na tsakar gidanka, ai ya rufe komai."

"Gawo? Kai ba a nan aka haife ka ba? Da damina gawo tsirara yake, ko ganye ɗaya ba ya bari. Ƙato ya hau matakalar nan ya sauka safe da yamma, mata na wanka, 'yan mata na daka? Gidanka ne, gina abinka. Amma ranar da aka aza tubalin farko zan toshe kafar nan, in kwashe iyalina mu koma gidan gona."

Na san Malam Na'Allah, ba ya faɗin magana don ya ji daɗin bakinsa.

Da maigida ya shigo na tare shi. Na ce a rufe matakalar mana, a yi mata bango da rufi. Ya ce da wace azarar? Abin da ke akwai da ƙyar zai rufe garaji da benen, in kuma aka jira baɗi damina za ta sami mota a waje. Na ce to ga kwanonin jerena, ga akuyata, a sayar. Nan fa ya hau sama. Wai so nake a ce da kwanon mace ya yi gini? Wai kuma ba wanda ya isa ya hana shi aza tubali a gidan ubansa. Na ce, "Ubanka ai bai taɓa leƙen maƙwabci ba." Ya fita bai ci tuwo ba, ni ma ban ce ya ci ba.

Malam Na'Allah kuma ya hana Shatu ratsowa har sai an ga yadda za ta kasance. Kwana da kwanaki ina jin taɓaryarta ta bayan katanga, ita ma tana jin tawa, ba mai iya cewa uffan. Wani lokaci ta yi tari, ni ma in yi. Jakuna suka fara zuba laka, kowane kaya aka sauke sai in ji kamar a ƙirjina. Na tsani motar nan, na tsani Sanda da tsinkensa, har Ɗahiru da bai san hawa ba bai san sauka ba na daina cika masa kwano.

Wata safiya motar ta dawo daga ƙauyuka maƙare da buhunan gyaɗa, aka tsayar da ita daidai inda aka zana garajin. Sai ga Malam Na'Allah ya zagayo ta hanya da sandarsa. Na ruga bayan rumbu ina leƙe.

Ya ce, "Tsayin buhunan nan shi ne tsayin benenka, ko ba haka ba?"

Maigida ya ce kusan haka ne.

"To zan hau in gani da idona, kai ma ka hau. Kada gobe ka ce na yi maka sharri."

Dattijo fa, mai furfura! Ya naɗe riga, ya kama igiya, ƙafafu na rawa, maigida na tura shi ta baya. Allah ya yafe mini, don haushi har na so ya ɗan zame. Da suka miƙe tsaye a sama, maigida ya dubi gabas sau ɗaya ya kawar da kai da sauri. Ashe ko da ganyen gawon komai a fili yake, turmi, randuna, har zanar bayan gida. Na ce shi ke nan, tsoho ya samu hujja, Shatu ta tafi.

Amma idon Malam Na'Allah ba a can yake ba. Ya daɗe yana kallon gindin katanga, can ya nuna da yatsa ya ce, "Mene ne wancan?"

Maigida ya ce, "Hanya ce, Malam."

"Hanyar wa?"

"Ga ta nan, daga ƙofar ɗakin iyalinka ta taso, ta ratsa kafar, ta tsaya a ƙofar ɗakin iyalina."

Ni da nake taka ta kullum ban taɓa lura ba, sai da na waiwaya na duba. Ƙasar ta lotsa, ta yi sumul, kamar hanyar shanu zuwa rijiya.

Malam Na'Allah ya ce a hankali, "Ƙafar mutum biyu ce ta yi wannan?"

Ya sauko da ƙyar, ya kakkaɓe riga, ya tsaya yana haki. Sa'an nan ya ce, "Akwai azara a bayan zaurena, na daɗe ina tara ta don in yi wa kaina soro. Sanda ya zo ya kwasa. A rufe matakalar ruf, bangon gabas kada a bar ko ramin ƙadangare, taga ta kalli hanya. Laka kuwa kai da jakunanka."

Maigida ya ce, "Malam, da kaka zan biya."

"Wa ya yi maka maganar biya? In ka samu ka mayar. Kuma kada ka ɗauka don kai na yi, mai taurin kai kawai."

Na zauna daɓas a bayan rumbu. Alhamdulillahi kawai nake ta maimaitawa, ban san adadin da na faɗa ba. Maza ba su gama zagayawa zaure ba na ji motsi a jikin katanga, sai ga kan Shatu ya ɓullo, ɗankwali a karkace.

Ta ce, "Batulu, kin ga tsohon nan a saman mota? Na ce ya haukace!"

Na ce, "Ke dai shigo, kin tsaya a kafa kamar baƙuwa."

Ta shigo ta zube kusa da ni. Muka fara dariya, dariyar ta koma kuka, muka riƙe juna muna yi ba mai ba wani haƙuri. Ranar a gidajen nan biyu ba a sha fura ba sai bayan la'asar.