Sunan da Na Rubuta a Kan Shinkafa

Ranar da aka ɗaura mana aure a Kolhapur ta ƙasar Indiya na canza wa matata suna. Aka ajiye faranti cike da ɗanyar shinkafa, aka miƙo mini zobe, na rubuta Kshama a kai, kamar yadda angwayenmu ke yi. Tulsa iyayenta suka sa mata, sunan ɗaɗɗoyar da ake bai wa ruwa a tsakar kowane gida. Ni sabon malamin Sanskrit ne a lokacin, harshen littattafan addininmu, na san ma'anarsa ita ce marar tamka, amma a kunnena ƙauyanci ne. Kshama kuwa haƙuri ne da yafiya, da shi littattafanmu ke kiran ƙasa, wadda ake takawa ba ta tankawa. Shekara arba'in da ɗaya ina ba ta dalilin cika sunan.

Wata bakwai da rasuwarta, matar ɗana Shripad ta haifi mace. A kwana na sha biyu ake suna, kuma gwaggon jaririya ke raɗa shi a kunne, wato 'yata Sulabha.

"Kshama za a sa, Baba," in ji Shripad. "Inna ce ta dawo."

"Tulsa za a sa."

Sulabha ta tuntsire da dariya. "Kai, Baba! Wace mai tallan nono ce kuma wannan? Kai da ko kyanwa ba a sa wa suna sai ka buɗe littafi?"

"Mahaifiyarki ce, sunanta ke nan na asali. Tambayi kawunki."

Ba su taɓa ji ba.

"Amma malamin haikali ya duba tauraronta," Shripad ya ce a hankali. "Da harafin 'ka' sunan zai fara."

"Ni na koya wa malamin naku baƙi. Sau biyu ya faɗi jarrabawa."

Ranar suna mata suka kewaye gadon lilon jaririyar suna waƙa. Ba wurin maza ba ne. Na jawo kujerata har tsakiyarsu na zauna, tsofaffi na harara, na ƙi gani. Sulabha ta sunkuya ta raɗa.

"Ɗaga murya," na ce, "kunnena ya tsufa."

"Tulsa," ta ce. Aka raba sukari.

Na yi nasara, kamar kullum. Sau biyu ke nan ina zaɓa wa mace suna ba da shawararta ba. Wannan dai kwananta sha biyu, ba ta da baki. Waccan tana da shi, kullum tana gabana tana zuba mini shayi, ban taɓa ce mata ba: da wanne kike so in kira ki?